Tukunyar Man Shanu Daga Urno Zuwa Keita

Tun da na komo daga ƙasar Keita ban huta da tambaya ba. A bakin masallaci a tare ni, a kasuwa a tare ni, har ina bisa katanga da laka a hannu sai wani ya tsaya daga ƙasa ya ce, "Abdu Magini, wai gaskiya ne?" Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne Arzika, abokin tafiyata, ya riga ni shiga kunnen mutane, shi kuwa daga tsakiya yake fara labari, ya koma farko, ya ƙara abin da ba a yi ba. Saboda haka na zauna na rubuta shi yadda ya faru, abu na bin abu. Wanda ya karanta kada ya sake tsayar da ni ina aiki.

Dalilin tafiyar shi ne ɗiyata Rakiya, wadda ke aure a wani ƙauye gaba kaɗan da Keita. An yi aurenta a shekarar farin nan da ya kwantar da shanu, garar da muka kai ba ta da ko cokali guda na man shanu. Dangin mijin kuwa kakanninsu sun zauna ƙarƙashin makiyayan arewa, da mai suke auna gidan da mace ta fito. Tun daga ranar uwar mijin, wata tsohuwa mai suna Tsahara, ta sa wa Rakiya suna "ɗiyar masu busasshen tuwo". Yarinyar ba ta taɓa kawo ƙara ba. A bakin wata mai sayar da tabarmi muka ji.

Bana ta haihu a ɗakin miji, namiji. Uwarta ta daɗe tana tara man saniyarmu guda da ta tsira. Ta soya shi, ta tace, ta cika wata ƴar tukunyar ƙasa har wuya. Na ce a zuba a kwalabe a toshe. Ta ce ba a yi haka. A al'adar mutanen can, man maijego a buɗaɗɗiyar tukunya yake zuwa da faifai a baki, matan gida su tare shi a tsakar gida su ɗaga faifan su ga inda ya kai. Ga shi bazara ce, man ya narke kamar ruwa.

Ta sa tukunyar cikin ragaya, igiyar nan da mata ke rataye ƙwarya da ita, ta miƙo mini.

"Malam, abu ukku. Kak ka aza ta ƙasa. Kak ka rungume ta. Kak ka ba Arzika."

Arzika ɗan gwaggona ne, wato taubashina, ba abin da ba ya gaya mini, ni ma haka. Ya ji za a yanka rago, ya ce zumunci ya wajabta masa rakiya. Ban da ikon hana shi.

Daga Urno zuwa Madawa a amalanke muka zo, ba abin faɗi, sai dai hannuna ya yi tsami don ban yarda tukunyar ta taɓa katako ba. A tashar Madawa muka sami kamiyon, babbar motar kaya, da zai hau Buza, an loda masa buhunan albasa, mutane a bisa. Yana da ƙarafa a sama inda ake shimfiɗa tanti. Na zaɓi na tsakiya na ɗaure ragayar da irin ɗaurin da nake wa tsani, na zauna ƙarƙashinta. Arzika ya sayi fura cike da ƙwarya ya aza a gwiwa ya riƙe da hannu biyu. Kusa da mu akwai wani dattijo mai fataucin fata, mutumin Allakaye, da rawani mai tsawo, sabo fil.

A nan sai na faɗi wani abu game da sana'ata. Magini yana da dalma a bakin zare, da ita yake gane katanga ta miƙe ko ta karkace. Tun ina yaro aka koya mini cewa ido na ƙarya, hannu na ƙarya, amma abin da ke rataye ba ya ƙarya, ƙasa yake nunawa. Da wannan imani na hau kamiyon.

Mun fita gari ke nan hanya ta lanƙwasa hagu. Ina kallo tukunyar nan ta bar bisa kaina ta tafi dama, ta tsaya can a karkace, igiya a miƙe, ba kowa ya taɓa ta ba. Ba lilo ta yi ta dawo ba, tsayawa ta yi har lanƙwasar ta ƙare. A hanyarta ta zuwa ta gamu da rawanin dattijon Allakaye ta ture shi bisa albasa. A daidai lokacin furar Arzika ta haye bakin ƙwarya ta sauka a gaban rigarsa.

"Inna lillahi! Wa ab buge ni?" in ji dattijo.

"Matar Abdu ta, baba," in ji Arzika yana yarfe hannu. "Daga Urno take aiko da duka. Mu mun saba."

Na ba dattijon haƙuri, na miƙe na ɗaga faifan. Mai yana nan a wuya, ko bakin tukunya bai jiƙe ba. Na dubi rigar Arzika, na dubi tukunya. Wadda aka riƙe gam ta zube, wadda aka bari ta karkace ba ta zube ba.

Tun daga nan na daina kallon hanya don sha'awa, na koma kallonta don aiki. Na lura in mota ta yi hagu tukunya dama take yi, in ta yi dama tukunya ta yi hagu. Na lura in shufer, wato direba, ya shiga lanƙwasa a guje ta fi tashi sama, in ya shiga a hankali da ƙyar take motsi. Lanƙwasa mai tsanani kuma ta fi mai faɗi tayar da ita. Sai na tsaya tsaye na riƙe ƙarfe ina hango gaba, in na ga lanƙwasa in yi kira, "Mutanen dama, ku duƙa!" ko "Mutanen hagu, ku duƙa!" Da fari sun yi dariya. Da ta taɓa kunnen mutum biyu sai suka fara bin umurni.

Dattijon Allakaye ne kaɗai ya ƙi. Ya ce shi ya yi shekaru yana jan raƙumi, inda akala ta yi nan kaya ke bi. Da ya hango hanya za ta yi dama sai ya tashi da sauri ya koma hagu don ya tsere mata. Can ta same shi. Ya naɗa rawanin a karo na biyu, a karo na uku ya cire shi ya zauna a kai. Ni kuma na rage tsawon igiyar. Karkatar ba ta ragu ba, amma tukunyar ta daina kaiwa inda kawuna suke.

A kan iyakar ƙasar Madawa da ta Buza akwai shingen jandarma. Shufer bai gan shi da wuri ba, ya taka birki da ƙarfi, tukunya ta yi gaba kamar ita ma tana da takardar nunawa. Jandarman ya hau ya duba katin kowa. Na Arzika ya jiƙe da fura, ya riƙe shi da yatsa biyu. Ya zo kan tukunya ya ɗaga faifai ya shaƙa, sai fuskarsa ta sake. Ya ce rabonsa da irin wannan ƙanshi tun a ɗakin tsohuwarsa. Ya rufe da kansa, ya ce mini in yi hankali da gangaren da ke bayan Buza.

A Buza muka kwana, don kamiyon sai washegari zai wuce Keita. Mun sauka gidan wani magini da muka taɓa aiki tare. Su can da dutse suke gini, don duwatsu sun fi ƙasa yawa, kuma ba su damu da a jera su daidai ba. Ya karɓe mu da kyau, aka kawo tuwon dawa da kwaɗon zogale, barkono ya yi yawa amma ban faɗa ba. Na rataye tukunyar a azarar zaurensa. Ta tsaya cak tana nuna ƙasa, hankalina ya kwanta, na ga ashe ba ta lalace ba. Da na dubi igiyar na dubi bango sai na ga bangon ya karkace wajen yatsa uku. Na gaya masa. Bai ji daɗi ba, amma ya kamata ya sani.

Arzika kuwa ya kafe cewa laya ce matata ta binne a gindin tukunya.

"Ai na san Innar Rakiya. Matar da ta iya zama da kai shekara da shekaru, riƙe mai cikin tukunya wane aiki na gare ta?"

"Ba laya ba ce, igiya ce."

"Igiya ta san mai?"

Kafin magariba na ja shi bakin rijiya. Na sami gwangwani mai mariƙin igiya na cika da ruwa. Na ce masa ya tuna majajjawar da muke korar tsuntsaye da ita a gonar gero. Dutsen da ke ciki so yake ya tafi gaba sak, igiya ce ke hana shi tana jawo shi ciki, shi ya sa yake zagayawa, ranar da ka saki kuwa sai ya miƙe. Haka tukunya a mota. Ita gaba take son ci, motar ce ke kauce mata, igiya ta jawo ta. Man da ke ciki shi ma gaba yake so, sai gindin tukunya ya tare shi. Tun da tukunyar na da ikon karkata ta ba igiya bakinta, to kullum mai gindi yake dannawa, ba baki ba. Ƙwaryar da ya riƙe a gwiwa ba ta da wannan iko.

Ya ce shi bai gane ba. Sai na kaɗa gwangwanin na shiga juya shi, ya hau bisa kaina baki ƙasa, ya sauko, ya sake hawa. Ko ɗigo bai zuba ba. Arzika ya buɗe baki. Na ce, "To yanzu ka duba yadda ake tsayar da shi, nan ne wuyar take." Daidai nan mai tsire ya gitta da faranti a ka, Arzika ya juya ya bi shi da sallama. Na tsayar da gwangwanina ni kaɗai, ba mai kallo sai wata akuya.

Hanyar Buza zuwa Keita ita ce jandarman ya faɗa. Hawa ne da gangara tsakanin duwatsu, shufer kuma yana son ya riski cin kasuwa. A wani dogon gangare mai lanƙwasa tukunyar ta tashi har ta yi daidai da kafaɗata, mata na salati. Arzika ya rataye butarsa ta alwala a jikin mota daga waje da wani tsohon tsumma. Tsumman ya tsinke. Na ga butar da idona, ba gefe ta yi ba, gaba ta ci, inda motar ta nufa kafin ta juya, ta faɗa kwazazzabo.

"Ga majajjawarka nan," na ce masa.

"Allah shi isam mini, kai da majajjawa," ya ce.

Da muka sauka Keita na duba ragayar na ga ƙarfe ya cinye igiya ɗaya daga cikin huɗun da ke riƙe da tukunya, saura ƙiris. Na ɗaure wurin iyakar iyawata. Daga nan a ƙasa muka taka zuwa ƙauyen, tukunya na lilo a hannuna.

Mun isa da hantsi, gobe suna. Mutanen can ba sa barin baƙo ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya sha shayi, ƙaramin kofi bayan ƙaramin kofi, na fari da ɗaci kamar magani. A Urno da tuni an ba ka fura ka ƙoshi an wuce wurin. Na sha duka da hannun hagu a sama, riƙe da ragaya, don an ce kada in aza ta ƙasa. Sannan aka shiga da mu tsakar gida.

Mata sun cika wurin. Rakiya na bakin ƙofar ɗakinta da jariri, ta rame, ta gaishe ni kanta a ƙasa. Ba ni take kallo ba, tukunyar take kallo. Tsahara ta taso, doguwa ce, baƙin mayafi har ƙasa. Muka gaisa yadda ya kamata. Ta sa yatsa biyu ta ɗaga faifan.

Mai na nan a wuya. Wata daga baya ta fara guɗa, Tsahara ta ɗaga hannu ta katse ta.

"Daga Urno?"

"Daga Urno."

"Cikin kamiyo? Ta gangaren Buza?" Ta juya wajen matan. "Ni na bi hanyag ga. Ruwan da ke cikin cikina ma sai da ya zube. A ce tukunya buɗe ta iso cike? Kasuwar Keita dai akwai man gyaɗa, mai araha. Ba laihi ba na, baƙo ya ji kunya ya cika."

Ta aika aka ɗauko nata man a ƙwarya, wanda ta tanada don tuwon suna, ta aza a ƙasa gabanmu wai a gwada launi. Na ga Rakiya ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa na jaririn. Na buɗe baki in yi bayani daga farko, tun daga tashar Madawa.

Ban kai ga kalma ta biyu ba na ji hannuna ya yi sauƙi. Arzika ya fizge ragayar.

"Man gyaɗa? Mu? Tsohuwa, abin da ke rataye ba shi zubewa! Ja da baya ki gani!"

Ya kaɗa ta gaba, ya kaɗa ta baya, ya juya. Tukunyar matata, ba faifai, ta hau sama baki ƙasa a tsakar gidan surukai. Ta sauko. Ta sake hawa. Mata suka watse suna ihu, kaji suka bi ta kan danga. Ko ɗigo bai zuba ba. Arzika na dariya yana cewa, "Kun gani? Kun gani?" Ya yi ta juyawa har kowa ya gani. Sai na ga dariyar ta ɗauke.

"Abdu."

"Na'am."

"Ƙaƙa aka tsaida ta?"

"Lokacin da na nuna, kana wajen mai tsire."

"Abdu, don girman Allah! Kahwaɗata za ta hita!"

Ya fara rage gudu. Na ga igiya ta yi laushi a sama, tukunyar ta yi kamar ta tsaya a kan kansa. Na daka masa tsawa ya ƙara, ya ƙara. In ya rage a haka, mai a kansa zai sauka. In ya saki, tukunya ta bi butarsa. Ga igiyar nan da na ɗaure a Keita, ina jin tana ƙara duk zagaye.

Na ce kowa ya zauna ƙasa. Suka zauna, har Tsahara. Na tsaya inda zai ji ni, na yi masa magana yadda nake yi wa sabon lebura.

"Kada ka rage. Ɗaga hannunka bisa kai. Kwantar da zagayen sannu, ya koma kamar na majajjawa, a kwance. Sannu na ce!"

Ya kwantar. Tukunya ta koma zagaya shi a kwance, daidai tsayin kan mutum, shi ma yana juyawa da ita don hannun ya gaji.

"Yanzu rage, kaɗan kaɗan. Kamar mota na fita daga lanƙwasa. Za ta sauko da kanta."

"Ƙasa na juyawa, Abdu!"

"Ƙasa na nan inda take. Rage."

Ya rage. Tukunyar ta sauko daga kai zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, zagayen na ƙanƙancewa. Da ta zo gwiwa igiyar nan ta tsinke, tukunya ta karkata a kan ukun da suka rage. Na shiga na tare ta da ƙirji na rungume. Mai ya yi rawa ya taɓa baki ya koma. Ɗigo guda ya gangaro ta waje.

Arzika ya saki ragaya, ya yi taku uku kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya nemi bango bai samu ba, ya zauna daɓas a kan ƙwaryar man Tsahara. Ƙwarya ta fashe, ƙasa ta shanye.

Jariri ya tsala kuka. Tsahara ta tashi ta kakkaɓe mayafi. Ta dubi manta a ƙasa, ta dubi Arzika. Ta zo gabana ta sa yatsa ta ɗauke ɗigon nan da ke gangarowa ta kai baki. Ta daɗe tana juya shi a harshe.

"Saniya guda ta," ta ce. "Kuma da ganyen albasa anka soya shi." Ta juya. "Rakiya, tashi ki amshi man uwarki. Ke za ki zuba ma tuwon gobe da hannunki, mu namu ga shi can ƙarƙashin baƙo."

Sannan aka yi guɗar, ita ta fara.

Washegari aka raɗa wa yaro suna. Duk wanda ya ci tuwo a gidan nan, da liman da maƙwabta da masu wucewa, man Urno ya ci, don babu wani, kuma duk wanda ya tambaya an gaya masa daga inda ya fito. Arzika ya ci nasa a tsaye cikin wandon aro, karnukan gidan na bin sa duk inda ya yi. Da za mu taho Rakiya ta rako ni bakin zaure ta ce, "Baba, ka ce ma Inna ta iso cike." Tsahara ta riƙe ragayar, ta ce a bar mata.

Komowa ba abin faɗi, ba mu da abin ratayewa. Na iso gida da la'asar, uwar Rakiya ta kawo ruwa, ta tsaya.

"Ka aza ta ƙasa?"

"Ban aza ba."

"Ka rungume ta?"

"Sau ɗaya, a ƙarshe, bisa larura."

"Ka ba Arzika?"

"Ban ba shi ba. Ɗauka ya yi."

Ta dube ni har na ajiye kofin. Sai na ba ta labarin daga farko, kamar yadda na rubuta shi nan, na ƙare da saƙon Rakiya. Ta sa bakin zane ta share ido, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tukunya, ta fi waccan girma, ta ajiye kusa da turken saniya.

"Ta wa ce wannan?" na ce.

"Ta haihuwa mai zuwa. Ka samo igiya mai ƙwari. Arzika kuma a gaya mishi bayan an yi suna."